Kwallin Barka

Ranar Litinin da safe, a farkon daminar 1953, aka tarar an ɓalle kwaɗon siton Baturen da ke neman duwatsu a bayan tashar jirgin ƙasa ta Minna. Akwati ɗaya aka ɗauka. An bar gwangwanayen kifi, an bar takalman ruwa, an bar kwalaben da Baturen ke kira magani. Kafin hantsi ya yi, gari ya gama bincike ya yanke hukunci: zinariya ce a akwatin, kuma Irimiya maigadi ne ya sace.

Hujja biyu aka kafa. Ta farko, akwatin ƙarami ne amma yana da nauyin da ya fi girmansa, kuma mutanen Minna, da suka ga zamanin haƙar zinariya shekara ashirin baya, ba su san wani abu mai nauyi da Bature zai kulle ba in ba ita ba. Ta biyu, Irimiya bai kwana a bakin aikinsa ba. Shi da kansa ya faɗa. Matarsa Hannah ta fara naƙuda ranar Lahadi da magariba, aka aiko masa, ya ruga Tudun Fulani. Ya dawo da safe da albishir ɗin ɗa namiji, ya tarar da ƙofa a buɗe. Sai ya tafi da ƙafarsa ya kai rahoto. Sajan 'yan doka ya gode masa, ya rufe shi. Ranar Alhamis za a kai shi gaban alƙali, kuma waɗanda suka san irin wannan shari'a sun ce shekara uku ce in an tausaya.

Baturen, wanda ake kira Mai Ƙas-ƙas, yana da na'urar da ke iya nemo abin da ya ɓace. Ita ta jawo masa sunan, don in ya kusantar da ita ga wasu duwatsu sai ta riƙa ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa. An yi ta a Ingila, an yi mata jaka ta fata, kuma batirinta ya mutu tun makon jiya. Sabon yana tafe daga Ikko a jirgin Juma'a. Saboda haka aka aika a kira Garuba.

Garuba mai bin sawu ne. Shekara talatin yana bin shanun sata tsakanin Paiko da Maikunkele, kuma ya fi sanin mutanen ƙasar ta tafin ƙafa fiye da ta fuska.

*

Philip, akawun Baturen, shi ya tarbe shi a ƙofar sito. Ya ja shi gefe.

"Baba, ba zinariya ba ce."

"Kowa ya ce zinariya ce."

"Kowa bai buɗe akwatin ba. Ni na buɗe. Dutse ne baƙi mai sheƙi, girman ƙwan agwagwa, amma in ka ɗaga sai ka ce ƙarfe ne. Daga Kongo maigida ya zo da shi, da shi yake gwada na'urarsa ya ji ko tana aiki. Sunansa yuraniyam. Irinsa ake tacewa a yi bom ɗin da aka jefa wa Japan."

Garuba ya ɗan ja da baya daga ƙofar. "Zai fashe ke nan?"

"Da fashewa yake yi da an huta, kowa ya ji inda yake. Shi a hankali yake aikinsa. Yana fitar da wani abu kamar haske, amma ido ba ya ganinsa, jiki ba ya jin zafinsa, ba shi da wari. Yana ratsa zane, yana ratsa takarda, yana ratsa fata. In ka taɓa shi ka ajiye, babu komai. In ka ɗaura shi a jiki kwana da kwanaki, to ka fara jawo wa kanka. Mafi muni a niƙa shi. Ƙurarsa in ta shiga huhu ko ciki, zama take yi. Ta taɓa ƙoda, ta taɓa huhu, ta shiga ƙashi, sai bayan shekaru ciwon ya fito, mutum ya ce sammu aka yi masa. Masu haƙarsa a Turai tari ne ke ɗauke su. Ga yaro ƙarami kuma ya fi sauri."

"Shi ne kuka ajiye shi kusa da kifin gwangwani."

"Ai shi ya sa aka shimfiɗe cikin akwatin da dalma, kaurin yatsa. Dalma ce ke tare abin. Nauyin da ake ta magana a kansa, nata ne."

"Ka gaya wa Saja?"

"Na gaya masa. Ya ce in da shi ne mai zinariyar, shi ma abin da zai faɗa ke nan."

*

An yi ruwa ranar Lahadi da yamma, wanda ya share ƙasa tas kamar allon da aka wanke. A gaban siton mutanen gari sun riga sun rubuce shi da ƙafafu ɗari biyu, duk don su taimaka. Garuba ya zaga baya, Saja na biye da shi.

A can ya sami mutuminsa. Ƙafa ce babu takalmi, mai faɗi, babban yatsan dama ya buɗe gefe. Ya zo da sauƙi, ya koma da nauyi. Takun komawar gajeru ne, a miƙe suke kamar an ja zare, babu tangaɗi ko ɗaya.

"Wannan ya saba ɗaukar kaya a ka," in ji Garuba. "Irimiya kuma takalmin soja yake sawa."

"Takalmi ai cirewa ake yi," in ji Saja.

Sawun ya kai su gindin wata ɗorawa a gefen hanyar Bosso. A nan aka sauke akwatin, ga kusurwoyinsa huɗu a laka. Ga gurbin gwiwa biyu. Ga tsumman da aka naɗe dutsen da shi, an yar. Taku uku daga nan akwai ɗan rami inda wani abu ƙarami mai nauyi ya faɗi. Daga bisani mutumin ya sake aza akwatin a ka, har yanzu da nauyinsa, ya yi kudu, ya hau tsakuwar layin dogo, sawu ya ƙare.

Ramin babu komai a ciki. A bakinsa akwai ƙafar mace, siririya. Ta durƙusa a kan dugaduganta ba tare da ta sunkuya ba, irin durƙuson mai ƙwarya a ka. Kusa da wurin kiyashi sun taru a kan ɗigon nono. Bayan haka garken shanu ya bi hanyar ya shafe sauran labarin.

Garuba ya daɗe a tsugune. Ya taɓa bin ɓarayin da suka yar da buhu suka gudu da hatsi. Bai taɓa ganin wanda ya zubar da kaya ya gudu da mazubi ba.

"Me ka gani?" in ji Saja.

"Mutum biyu. Ɗaya ya yar, ɗaya ta tsinta."

"To, shi da matarsa ke nan."

"Matarsa tana haihuwa a lokacin, Saja."

Saja ya shiga neman hanyar da za a bi a kewaye wannan matsala.

*

Talata ta tafi a banza. Mata masu tallan nono da ke shigowa Minna ta hanyar Bosso sun fi arba'in, kuma da suka ga jar hular ɗan doka a bayan Garuba, sai ya zamana babu wadda ta taɓa ganin ɗorawa a rayuwarta.

Saja kuwa bai zauna ba. Ya ji labarin cewa Jafaru maƙerin farin ƙarfe ya hura wuta ranar Litinin, sai ya kamo shi.

"Me ka narkar?" Garuba ya tambaye shi.

"Tagulla. Awarwaro shida na amarya. Malam Garuba, wuta ita ce sana'ata. In hura wuta laifi ne, a kama masu ƙosai."

"An kawo maka baƙin dutse mai nauyi?"

"Da zinariyar Bature ta shigo hannuna, kana jin za ka same ni a nan da wannan wandon?"

Garuba ya sa shi ya yi taku biyar a ƙasa mai laima. Jafaru yana jan ƙafar hagu tun yana yaro, sawunsa kamar an ja tsintsiya. Garuba ya ce a sake shi. Saja ya ce a bar shi tukuna, ko za a buƙace shi.

*

Ranar Laraba da azahar Garuba ya bar ɗan dokan a wurin mai shayi ya shiga kasuwa shi kaɗai. A ƙofar shagon Gabriel mai hoto ya tarar ana rigima. Wani ango ne, ma'aikacin layin dogo, riƙe da hoton aurensa. Amarya ta fito ras, da mayafinta da furenta. A inda fuskar ango ya kamata ta kasance, akwai farin tabo mai siffar ƙwai.

"Ni na biya kuɗin hoton, ni ne kuma ba na ciki," in ji angon. "Uwata ta ce aikin dangin amarya ne."

"Wallahi sabon kwalin fim ne," in ji Gabriel. "Yau da safe na buɗe shi a ɗakin duhu. Duba, Baba Garuba, kai mai ido ne. Huɗu na ɗauka, huɗun duka haka."

Garuba ya jera hotunan a kan benci. Tabon yana wuri ɗaya a kowanne. A na farko ya fito sosai, a na biyu ya ragu, a na uku ya dusashe, a na huɗu sai an ƙura ido.

"Wanne ne a saman kwalin?"

"Wannan mai farin sosai."

"Sauran suna ƙarƙashinsa, bi da bi?"

"Haka ne."

Garuba ya san wannan. Haka sawu ke yi in an taka tabarma a kan yashi: na sama ya fi fitowa, na ƙasa ya ɗan nuna. Ya aika aka kira Philip. Philip ya kalli hotunan sau ɗaya, ya zauna ba tare da an ba shi wuri ba.

"Shi ne, Baba. Fim yana ganin abin da ido ba ya gani. An ɗora dutsen a kan kwalin nan, kuma ya daɗe a kai. Yini guda ko fiye."

"Gabriel, wa ke ajiya a kan kantar da kwalin nan yake?" in ji Garuba.

"Babu kowa. Sai Inna Hajjo mai nono. Nan take barin ƙullinta in za ta zaga gari. Ranar Litinin ma ta manta da shi, sai jiya da la'asar ta ɗauka."

Angon ya tambaya ko wannan yana nufin ba dangin amarya ba ne. Aka ce masa ba su ba ne. Ya tafi kamar wanda aka ƙwace wa wani abu.

*

Hajjo tana gindin mangwaro tana dama wa wani fura. Dattijuwa ce siririya, idonta ya sha kwalli har gefen kunne.

"Jiya ka tambaye ni da ɗan doka a bayanka," in ji ta. "Yau ka zo kamar mutum. Zauna."

"Inna, me kika tsinta a gindin ɗorawa?"

"Kwalli. Ba na kowa ba ne, a ƙasa yake. Ban taɓa ganin mai kyaunsa ba, baƙi wuluk, ga nauyi. Kwalli ai a nauyi ake gane shi, ku maza ba ku sani ba."

Ba ta yi wauta ba. Dutsen kwalli da ake sayarwa a kasuwa baƙi ne, yana sheƙi, yana da nauyi, kuma duk macen da ke Minna da ta ga wancan dutsen a ƙasa abin da za ta ce ke nan. Masanan da suka yi masa akwatin dalma sun yi tunanin ɓarawo, sun yi tunanin gobara, ba su yi tunanin ido ba.

"Kin niƙa?"

"Ni? Ina da nawa. Barka na kai. Maƙwabciyata ta haihu, ga mijin a rufe, babu mai shiga gidan sai ka ce kuturta ce a ciki. Na ce yaro ba zai zauna da ido fari kamar na kifi ba saboda laifin ubansa."

Garuba bai so ya yi tambayar ba, amma ya yi. "Wace maƙwabciya?"

"Hannah mana. Matar maigadin."

*

A hanyar Tudun Fulani Garuba ya auna abin ta kowace fuska, bai sami mai kyau ba. In ya fito da dutsen daga gidan Irimiya, ya gama wa Saja aikinsa. Babu alƙalin da zai saurari labarin ɗorawa da ɗigon nono bayan an ce an sami kayan sata a ɗakin matar wanda ake tuhuma. In ya bar shi, jariri ɗan kwana uku yana kwance kusa da shi.

Ya tarar da Hannah a ƙofar ɗaki, yaron a cinyarta. Ya yi mata barka, ya tambayi ƙarfin jiki, sa'an nan ya gaya mata komai yadda Philip ya gaya masa, bai rage ba. Ta saurara. Da ya kai inda ya ce dutsen daga akwatin Bature ya fito, sai hannunta ya sauka a ƙugunta na hagu. Haɓar zanenta a wurin ta yi ƙulli, kuma ƙullin ya rinjayi zanen ƙasa. Kan yaron yana dab da shi.

"Babu dutse a gidan nan, Baba."

"'Yata, Hajjo ta ce ta ba ki."

"Hajjo ta tsufa."

"Kin niƙa shi?"

Sai ta ce, tana kallon bango, "Wata mata na sani. An ba ta kwalli, ta goga a dutsen niƙa, ya ƙi. Tauri gare shi, sai zane kawai ya bari. Ta ce sai gobe ta kai wa mai turmin ƙarfe."

"Ta sa wa yaro a ido?"

"Ba ta samu abin sawa ba."

Garuba ya saki numfashi. "Ki gaya wa matar nan dutsen yana cutarwa ko ba a niƙa ba."

"Ta ji. Ta riƙe shi tun jiya, bai ƙone ta ba, bai cije ta ba. Kurkuku kuwa ta san shi, Baba. Ƙanen ubanta ya shiga da ƙafarsa, a kan ƙofar kara aka fito da shi. Kai kana maganar ciwon da zai zo bayan shekara goma. Alhamis kuwa gobe ce."

Garuba dai ba zai sa hannu a zanen maijego ba.

"To ki zo sito gobe da hantsi," ya ce. "Matar ma ta zo da abinta. Kada ta kwance shi sai ta ga an kwance mijinki. Amma daga yanzu zuwa goben, ta raba shi da yaron. Wannan kaɗai na roƙa."

Ta mayar da idonta kan yaron.

*

Garuba ya sami Philip yana rufe ofis.

"Malam Philip, duk gari sun ce zinariya ce. Wa ya san dalma ce?"

"Ni da maigida."

"Sai wa?"

Philip ya yi tunani. "Ɗan dakon da ya kawo akwatin daga tasha. Sheshi. Ya yi ta mitar nauyi, ya ce ko gawar aljani muka sa a ciki. Na ce masa dalma ce kawai."

"Me yake yi in ba ya dako?"

"Ran Lahadi yana zuwa kogin Chanchaga. Yana jefa birgi, ragar nan mai dalma a baki." Philip ya tsaya da mabuɗi a hannu. "Kai."

"Ka gaya wa Gabriel ya aika masa. Ya ce Bature yana son hoton masunci da ragarsa, zai aika gida."

*

Ranar Alhamis da hantsi Garuba ya share gaban sito da kansa ya yayyafa ruwa. Kafin a wuce wurin alƙali, Saja ya biyo da Irimiya da ankwa a hannu, ya haɗo da Jafaru don kada a ce ya ajiye shi a banza. Mai Ƙas-ƙas ya zauna a kujerar zane, Philip a gefensa yana fassara. Gabriel ya kafa akwatin hotonsa. Rabin Minna ya tsaya a bayan igiya.

Hannah ta zo a hankali, kwana huɗu da haihuwa, lokacin da ko tsakar gida bai kamata ta wuce ba. Hannunta babu komai. Taku goma a bayanta Hajjo ce ɗauke da yaron. Duk lokacin da Hajjo ta matso, Hannah sai ta ƙara gaba. Garuba ya ga tazarar, ya ga zanen da ya rinjaya hagu, ya kau da kai.

Sheshi ne ya zo ƙarshe, ya sa wankakkiyar riga, birgi a kafaɗa. Ya ratsa wurin da aka share da takunsa madaidaici. Babban yatsan damansa ya buɗe gefe.

"Buɗe ragar sosai," in ji Gabriel. "Bature yana son ganin bakin."

Sheshi ya baza ta. Dalmar tsohuwar raga toka-toka take, ta sha ruwa da laka. A wannan, kashi biyu cikin uku sabuwa ce fil, tana ɗaukar ido. Ba a ma narkar da ita ba, yanka ta aka yi siri-siri aka lanƙwasa a jikin igiyar. Garuba ya bi su da yatsa har ya zo kan ɗaya mai ragowar jan fenti irin na akwatin da aka sace, ya miƙa wa Philip. Philip ya miƙa wa Baturen. Baturen ya faɗi wata kalma wadda Philip bai fassara ba.

"Jama'a sun ce zinariya ce," in ji Garuba. "Irimiya ma haka ya zata, Jafaru ma haka. Wanda ya zaci zinariya ce, in ya buɗe akwati, abin ciki zai ɗauka ya yar da akwatin. Wannan ya yar da abin ciki ya ɗauki akwatin. Mutum ɗaya ne a wajen ofis ya san akwatin ne dukiyar. Ga sawunsa nan ban bari ya bushe ba, ga irinsa can a bayan sito na kife da ƙwarya."

Sheshi ya dubi ƙafarsa kamar ta ci amanarsa.

"Ban taɓa kayan Bature ba," ya ce. "Na buɗe, na ga dutse, na ajiye masa a gindin ɗorawa. Akwati kawai na ɗauka. Wa ke kulle dutse a cikin dalma mai kyau haka? Almubazzaranci ne."

"Ajiyewa ka yi ko jifa?"

"Na ajiye da ɗan ƙarfi."

Aka yi dariya a bayan igiya. Saja bai yi ba.

"To ina zinariyar? Ba na kwance kowa sai na ga kaya. Wa ya sani ko tare suka shirya, wannan ya bar ƙofa, wancan ya shiga?"

"Sheshi, ka san Irimiya ba ya nan a ranar?" in ji Garuba.

"Na gan shi ya wuce tasha da gudu, har hularsa ta faɗi bai tsaya ba. Shi ya sa ma na ce bari in leƙa."

Garuba ya sa Hajjo ta ba da labarinta da ƙarfi, daga ɗorawa zuwa kantar Gabriel. Gabriel ya ɗaga hoton ango mara fuska kowa ya gani. Da Hajjo ta zo kan wadda ta ba barka, Garuba ya ɗaga hannu ta tsaya.

"Malam Philip, gaya wa maigidanka. Dutsensa yana nan kusa, a hannun wanda aka ba kyauta bai san mene ne ba. Ba zai fito ba sai an cire ankwar nan. In ba haka ba, ya jira batirinsa, ya kuma yi addu'a kada a kai ga turmi kafin jirgi ya iso."

Philip ya fassara, kuma da alama ya fassara turmin da kyau, don Baturen ya miƙe tsaye. Ya ce shi ba shi da ƙara a kan maigadinsa. Ya faɗa sau biyu. Saja ya laluba aljihunsa a hankali, kamar mai fatan mabuɗin ya ɓace, ya cire ankwar daga hannun Irimiya ya mayar da ita hannun Sheshi.

Hannah ba ta motsa ba sai da ta ji ƙarar rufewar ankwar a hannun Sheshi. Sa'an nan ta juya wa maza baya, ta kwance haɓar zanenta, ta ajiye dutsen a ƙasa. Baƙi ne, ɗan ƙarami, bai yi kama da abin da zai tara rabin gari ba. Wani a bayan igiya ya ce an musanya.

"Tun jiya ban ɗauki yaron ba sai in zai sha," ta ce wa Philip. "In zai sha, sai in rataye dutsen a rumbu. Ya isa? Ya taɓa shi?"

"Kwana biyu ba yawa ba ne," in ji Philip. "Tunda ba a niƙa ba, ina jin kun tsira, ke da shi. Amma dutsen niƙan da kika goga a kai, kada ki sake niƙa komai da shi. Za mu zo mu ɗauka a binne. Zanen ma."

"Dutsen niƙan na uwata ne."

"Na sani. Ki yi haƙuri."

Wannan ne kaɗai wurin da ta yi hawaye, kuma kaɗan.

Tunda akwatin ya zama nauyin raga, sai aka ɗauki dutsen da cebur, aka naɗe shi a cikin birgin Sheshi, dalmar na kewaye da shi, aka kai can ƙuryar sito. Aka saki Jafaru, wanda ya nemi a gaya masa laifin da bai yi ba don ya san abin da zai faɗa a gida. Batirin kuwa ya iso ranar Juma'a kamar yadda aka yi alkawari. Aka sa wa na'urar, aka kusantar da ita ga ragar, ta yi ta ƙas-ƙas, ta tabbatar a kimiyyance cewa dutsen da ke sito yana sito. Har yau akwai tsofaffi a Minna da za su rantse maka cewa zinariya ce, Bature da Garuba suka raba.

Amma a ranar Alhamis ɗin, bayan jama'a sun watse, Irimiya ya zauna a dakalin sito ya karɓi ɗansa, ya gan shi da hasken rana a karo na farko. Hajjo ta leƙa fuskar yaron ta girgiza kai.

"Kwana huɗu, ido fari fat. Sai ka ce ba shi da kowa."

Ta ciro tandunta daga ƙugu, ta lakato kwalli na kasuwa, ta ja wa yaron layi biyu. Hannah ta yi murmushi.

Philip ya matso kusa da Garuba ya rage murya.

"Baba, wannan kwallin ma dutsen dalma ne. Shi ma ba shi da kyau a idon jariri."

Garuba ya dubi Hajjo, ya dubi tandun, ya ɗauki sandarsa.

"To je ka gaya mata. Ni aikina nemo abin da ya ɓace. Wannan bai ɓace ba, kowa ya san inda yake."